Ƙanena da Aka Hana Tuwo a Garwa

Abin da na fara koya a ƙasar Kamaru shi ne yadda ake riƙe hannun ƙato a gaban jama'a ba tare da kowa ya gane riƙe shi ake yi ba. Mun baro Yola, mun tsallake iyaka, a shingen jandarmomi na farko aka sauke mu duka daga mota aka jera mu a bakin hanya, rana ta take. Nafi'u ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗi, amma ranar nan ni ce na riƙe masa hannu kamar ƙaramin yaro.

"Yaya Dije, su ne," ya ce a hankali. "Baffa ne ya turo su."

"Don girman Allah ka yi min shiru," na ce da shi, ina murmushin da bai kai ciki ba.

Nafi'u mai gyaran janareto ne a Funtuwa, kuma ya iya aikinsa. Shekarun baya ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyin da ba wanda yake ji, yana cewa ana bin sa, ana sa masa abu a ruwa. Asibiti suka ɗora shi a kan magani, abin ya lafa, sai dai maganin ya sa masa ƙiba da barcin da ba ya ƙarewa, har ciwon sukari ya fara leƙo shi. Da ya gaji sai ya daina sha, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, ya ɗauki dutse ya tarwatsa gilashin motar Baffa Sale. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, tun da Baba ya rasu maganarsa ce magana a gidanmu. Ya ce an gama, gidan mari za a kai shi. Ni kuwa na taɓa leƙa gidan marin nan. Na ga maza zaune a ƙasa, ƙarfe ya ci musu idon sawu har ya yi gyambo. Na yi kuka, na yi masifa, na tsuguna, na ce akwai wata likita a Garwa da aka ba mu labarinta, har dai Baffa ya ce, "Je ki gwada likitar taku ta Garwa. Amma in na sake jin ya yi wani abu, ko da ƙanƙane ne, da ƙafata zan zo in ɗauke shi."

To ga mu nan a gaban jandarma, yana juya takardunmu yana yi min Faransanci, ni ko kalma ɗaya ban sani ba. Wata dattijuwa mai fataucin atamfa da muka shigo mota tare ita ta fassara min. Wai ya ce me ya sa wannan yake magana shi kaɗai? Kafin in buɗe baki matar nan ta zare carbin hannunta ta cusa wa Nafi'u a tafi, ta juya ta ba jandarman amsa. Ya ƙara kallon sa, ya miƙo mana takardunmu. Da muka koma mota na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na ce lazimi yake yi. Ki bar masa carbin." Ko sunanta ban tambaya ba, a Gashiga ta sauka.

Garwa ta tarbe mu da wani irin zafi da ban taɓa ji ba, ga babura ko'ina kamar an ɓare gidan tururuwa. Ina tsaye a tasha ina neman layin waya sai ga wani mutum fes da shi, farar riga, Hausarsa kamar yau ya baro Kano. Ya yi mana sannu da zuwa, ya tambayi mutanen gida, ya ce ai likitar da nake nema maƙwabciyarsa ce. Jin Hausa kawai ya sa na saki jiki. Ya karɓi jakar tsarabar da na ɗauko, ya yi gaba muna bin sa, lungu ya ba lungu, sai ga mu a wani shago a bayan kasuwa cike da kwalabe da ƙullin saiwoyi. Wani ƙaton mutum ya taso da kaskon turare, ya ce in fita waje a rufe ƙofa, aljanin ba ya fita a gaban mace.

"A rufe wa? Ƙanena?" Na cire takalmina ɗaya na riƙe. "Wallahi duk wanda ya taɓa ƙofar nan sai na tara masa kasuwar nan kaf!"

Na finciko Nafi'u muka fito. Mai farar riga kuwa ko ƙurarsa, ya yi gaba da daddawa da kuka da kilishin da Innarmu ta haɗa wa mutane. Allah ya isa na ja masa a tsakiyar titi, mutane suna kallona ba su san me nake cewa ba.

Da la'asar muka gano gidan Goggo Dudu a unguwar Pumpumre. Mijinta marigayi ɗan uwan Innarmu ne na nesa, kakanninsu fatake ne da suka zo daga ƙasar Katsina suka zauna. Tsohuwa ce 'yar siririya mai kaifin murya, Hausarta a cakuɗe da Fulatanci da Faransanci, sai na kasa kunne sosai nake tsintar abin da take nufi. Na fara ba ta haƙurin zuwa hannu rabbana, ta daka min tsawa. "Ke, 'yar nan, tsaraba na aika ki kawo min? Shigo da yaron nan ciki, rana ta dafa shi." Ta ba mu ɗakin da ke kusa da nata, ta sa aka tuƙa tuwon dawa da miyar yakuwa, ta zauna a kan Nafi'u sai da ya share kwano.

'Yarta Fadimatu ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a wata unguwa. Ta bakinta labarin likitar ya iso mu tun farko, kuma ita ta kai mu ta yi mana tafinta. Ƙaramin asibiti ne. Likitar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a, amma ta daɗe tana sauraron Nafi'u, abin da ban taɓa ganin wani likita ya yi masa ba. Aka ɗebi jini, aka auna shi, aka gyara masa maganinsa. Bayan kwana biyu muka koma, sannan ta yi min bayanin abin da ya kawo mu.

Ta ce jikin mutum da makamashi iri biyu yake aiki, sukari da mai. Duk tuwo da shinkafa da burodin da muke ci sukari suke komawa a jiki. In aka yanke su kusan gaba ɗaya aka ƙara mai, hanta sai ta riƙa juya man nan ya zama wani makamashi da ƙwaƙwalwa take iya amfani da shi. Keto ake kiran tsarin. Ta ce an daɗe ana yi wa yara masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, yanzu kuma ana gwada shi ga masu irin ciwon Nafi'u.

"Zai warke?" na tambaya.

Fadimatu ta mayar mata, ta dawo min da amsa. "Ta ce ba ta yi miki alkawari ba. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ba sa samu, har yanzu bincike ake yi. Ta ce abincin nan taimakon magani ne, ba ya maye gurbinsa. Ko Nafi'u ya tashi yana rawa don lafiya, kada a fasa ba shi ƙwayarsa sai in ita ta ce."

Sannan ta fara lissafo abin da ba zai ci ba. Tuwo kowane iri, shinkafa, masara, gero, doya, dankali, rogo, burodi, taliya, fura, kunu, ƙosai, sukari, lemon kwalba, mangwaro, ayaba, dabino. Ina ji ina kallon bakinta. Na ce wa Fadimatu, "Tambaye ta, iska zai ci?" Likitar ta yi dariya karon farko. Ta ce kifi, ƙwai, nama da kitsensa, man shanu, man gyaɗa, fiya, da ganye, zogale da kuɓewa da yakuwa da alayyahu. Ta juya ta tambayi Nafi'u ko ya yarda, don ta ce cikinsa ne ba nawa ba. Ya ce, "In dai ba za a ɗaure ni ba, ko ciyawa ce zan ci."

Makonnin farko na sha wuya, shi ya fi ni sha. Ciwon kai, kasala, jiri, cikinsa ya ɗaure. Likita ta riga ta ce za a yi haka, a ba shi ruwa da yawa da romo mai gishiri. Duk mako muna zuwa a soke masa yatsa a ɗiga jini a wata 'yar na'ura, ita ke nuna ko jikin ya koma ƙona mai. Ni kuma ga kewar gida. 'Ya'yana biyu na baro wa Inna, in na kira waya ƙaramar ta ƙi yi min magana, wai na gudu na bar ta. In na fita kasuwa a yi ta yi min Fulatanci ana dariya, ban san ko da ni ake ba. Akwai ranar da na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Hausar Katsina a bakin famfo, na tsaya kamar wawuya ina saurare har ta gama.

Babbar matsalata kuwa Goggo ce. A wurinta baƙon da ya kwana a gidanta bai ci tuwo ba an ci mutuncinta. Kullum in na ajiye wa Nafi'u soyayyen ƙwai da miyar zogale ba tuwo, sai ta tsaya a kanmu ta riƙe haɓa.

"Miya tsirara? Wannan wace irin mugunta ce, Dije? Mara lafiya ake yi wa horon yunwa?"

"Goggo, likita ce ta ce."

"Likita ta haife shi? Me maƙwabta za su ce, a gidan Dudu ana hana baƙo abinci?"

Na yi bayani har na gaji. Na lissafa mata komai, ba sukari, ba tuwo, ba kunu. Ta ce ta ji, tana taɓe baki.

Sai ga shi a wata na biyu abu ya fara canzawa. Nafi'u ya daina barcin rana. Tumbin ya fara sauka. Wata safiya na fito na same shi ya kwance fankar Goggo da ta shekara ba ta juyawa, ya baje ƙusoshi a kan tabarma yana fito. Na koma ɗaki na toshe bakina da mayafi na yi kuka, don rabon da in ji fitonsa har na manta. Ban sani ba ko abincin ne, ko gyaran maganin ne, ko nisa da Baffa ne. Na tambayi likita, ta ce ita ma ba za ta rantse ba, a dai ci gaba da duka.

Kifi da nama kullum a Garwa ba abin wasa ba ne ga baƙuwa. Wata maƙwabciyar Goggo ta ce in riƙa bin ta Lagdo, inda aka datse kogin Binuwai, can kifi yake da araha. In taya matan da ke bandar kifi aiki, in samo na cinmu, in saro na sayarwa. Haka na fara tafiya ina kwana biyu ko uku a can, cikin hayaƙi da ƙarni, idanuna kullum jawur. Matan can sun yi min kirki, duk da da hannu muke yawancin maganarmu. Kafin in tafi nakan dafa wa Nafi'u abincinsa, in damƙa wa Goggo ƙwayoyinsa, in ce safe da yamma. Ta ce, "Je ki abinki, ai ɗana ne."

Bayan 'yan makonni na fara ganin abin da ba na so. Na dawo na tarar ya rufe tagar ɗaki da buhu. Ya daina kallon mutane a ido. Ya zaro wata ƙatuwar rigar sanyi mai kauri da ya taho da ita daga gida, ya sa a cikin zafin Garwa, ya ce ita ke tare abin da ake harbo masa. Muka je asibiti, na'ura ta nuna jikin ya koma kan sukari. Likita ta ce me ya ci? Na rantse da Allah ba abin da ya ci. Na tambaye shi, ya juya min baya. Ta ce mu dawo cikin makon a sake dubawa, kuma kada in yi nisa da shi. Amma kifin gida ya ƙare, na ce bari in yi tafiya ɗaya ta kwana ɗaya in dawo.

Washegari da azahar ina cikin motar dawowa, kwandon kifi a kan cinyata. Duk mai shigowa Garwa daga wajen Lagdo sai ya hau gadar Binuwai, kuma akwai sojoji a bakinta. Muna isowa muka tarar motoci sun tsaya cak, mutane suna fitowa suna gudu baya, mata suna jan 'ya'yansu. Direba ya leƙa ya ce wani abu, wani fasinja Bahaushe ya ce, "Innalillahi, wai ɗan ƙunar baƙin wake ne a kan gada." A ƙasar nan, tun abubuwan da suka faru a su Kolofata can arewa, ba a wasa da wannan maganar. Saurayi baƙo da rigar sanyi a tsakiyar rana, an ce tsaya bai tsaya ba, kowa ya san abin da ake yi masa.

Rigar sanyi. Ban san lokacin da na watsar da kwandon ba.

Yana tsakiyar gadar shi kaɗai, hannayensa a cikin aljihu, bakinsa yana motsi. Sojoji sun durƙusa daga nesa sun saita shi, ɗaya yana ta daka masa tsawa da Faransanci. Ni ya fito nema, daga baya ya gaya min, muryoyin sun ce masa an kama ni a hanyar Lagdo. Na kwasa da gudu ina ihu, "Ƙanena ne! Ba shi da lafiya! Kada ku harba!" Wa zai ji Hausata? Wani soja ya juyo da bakin bindiga kaina, wasu maza suka riƙe ni suka danne ni a bayan wata mota. Ina ganin yatsan sojan nan a kan kunamar bindiga. Na yi salati, na ce shi ke nan, na raba shi da mari na kawo shi inda za a kashe shi, me zan je in gaya wa Inna?

Sai na ji wata murya mai kaifi daga ɗaya bakin gadar. Goggo Dudu ce ta diro daga bayan babur, ba takalmi, ɗankwali a hannu. Tana tafe tana faɗa da Fulatanci, tana dukan ƙirji tana cewa, "Ɓingel am! Ɓingel am!" wato ɗana ne. Ta juya ta yi wa babban sojojin Faransanci, ya daka mata tsawa ta tsaya, ko waiwaye ba ta yi ba. Tsohuwar nan ta ratsa ta gaban bindigogi har ta isa gaban Nafi'u, ta tsaya tsakaninsa da su.

"Nafi'u, cire hannunka daga aljihu, ɗan nan. Goggo ce."

Ya fito da su a hankali. Ba komai a ciki sai carbi. Ta shiga ɓalle masa maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya kamar za ta yi wa yaro wanka, ta zare ta ta yar a ƙasa, ta ɗage masa 'yar shara ta nuna musu cikinsa, ta juya shi ta nuna musu bayansa. Sannan suka taso. Suka kwantar da shi a kan kwalta mai zafi, suka sa masa ankwa. Daga inda aka danne ni ina jin ƙarar ƙarfen nan yana ƙulluwa.

Sai yamma aka sake shi, bayan Fadimatu ta zo da likitar da kanta. Daga can asibiti aka wuce da shi aka kwantar. A barandar asibitin Goggo ta zauna a ƙasa, tafin ƙafarta duk ya yi bororo, ta ce, "Dije, zo in gaya miki abin da na yi."

Ashe tun da na fara zuwa Lagdo ta je wurin wani malami a unguwa ta karɓo masa rubutu. Kullum da safe sai ta dama shi da zuma, zumar Ngaundere mai kyau, rabin kofi, ta ba shi ya shanye, ta ce kada ya gaya min don ni masifaffiya ce. Ƙwayoyin kuma ta daina ba shi duk ranar da ba na nan, don a saninta ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, ɗaya yana karya ɗaya.

"Goggo! Ban ce miki ba sukari ba?"

"Sukari kika ce. Ko ƙwaya ɗaya ban ba shi ba, Allah ne shaidata. Zuma ai ba sukari ba ce, 'yar nan, waraka ce. Da ita aka yi mana magani, da ita na yi wa 'ya'yana."

Na buɗe baki zan zazzage mata duk abin da ke cikina. Sai idona ya sauka a kan ƙafafunta. Na zauna kusa da ita muka yi ta kuka mu biyu, masu wucewa suna ratse mu.

Likita ta ce a jikin mutum zuma da sukari duk ɗaya ne, amma tsallake maganin shi ya fi yin ɓarna. Rubutu kuwa ta ce a sha, ba ruwanta, in dai da ruwa zalla ne. Shi ma malamin da aka je masa ya ce bai taɓa cewa a ajiye maganin asibiti ba. Aka koma farko, ciwon kai da kasala da komai. Na daina zuwa Lagdo, Goggo ta ce samo kifi ya zama aikinta. Ita da kanta ta koma mai gadin kwanonsa, har ta kori wata maƙwabciya da ta shigo da kunun sadaka.

Amma wani ya ɗauki abin da ya faru a gada a waya, hoton ya yi ta yawo har ya isa Funtuwa. Baffa ya kira ni, maganarsa gajera. "Na gani. In na gama girbi ina nan tafe." Daga ranar kullum kunnena yana kan hanya. Ko mota ce ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko shi ne. Nafi'u yana samun sauƙi a hankali, amma wa zai gaya wa Baffa haka bayan ya gan shi kwance a kan kwalta?

Ya zo wata ranar Laraba da hantsi, da wasu ƙarti biyu da ban sani ba. Suka sauke kayansu a zaure, har da wani buhu da suka tura bayan ƙofa. Goggo ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa, aka gaisa. Nafi'u ya fito ya durƙusa har ƙasa. Baffa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka rame." Sannan ya buɗe wata samira ya tura gabansa. Alkaki ne da nakiya, suna ta ƙyalli.

"Uwarka ce ta yi maka da hannunta. Ci."

In ya ci, aikin watanni ya rushe. In ya ƙi, ya ƙi abin hannun uwarsa a gaban Baffa, kuma Baffa ya taɓa faɗa min a waya cewa mutumin da ba ya cin tuwo ai shi ne mahaukacin. Na yunƙura zan yi magana, Baffa ya ɗaga min hannu. "Ba da ke nake ba, Dije."

Nafi'u ya sa hannu biyu ya ɗauki samirar. Ya kai ta hancinsa ya shaƙa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Sannan ya rufe ta ya ajiye a gaban Goggo.

"Baffa, ka gaya wa Inna ya iso, kuma na ji ƙamshin hannunta. Wallahi ina so. Amma ba zan ci ba, ina kan magani, kuma na ga abin da ya faru da aka karya min shi." Ya ɗago ya dubi Baffa. "Ba zan ce maka na warke ba. Muryoyin suna nan, sai dai sun yi nisa, kamar rediyon maƙwabta. In sun matso na san wanda zan gaya wa. Gilashin motarka kuma ni na fasa, ina sane da shi. Ka yafe min."

Baffa ya wuni a gidan yana kallon sa. Ya ga ya sha ƙwayarsa da kansa ba wanda ya tuna masa, ya ga ya ci kifinsa da miyar kuɓewa suna cin tuwo a gefensa, suka je masallaci tare suka dawo. Washegari da safe suka karya, Baffa ya miƙe ya gyara hularsa ya yi wa Goggo godiya, ya ce za su kama hanya tun rana ba ta yi ba. Ina jira in ji ya ce Nafi'u ya ɗauko kayansa. Ƙartin nan suka fita, shi ma ya bi su, muka raka su bakin mota.

Har direba ya tayar da mota sai Nafi'u ya ce a dakata, ya koma zaure. Ya fito da buhun nan na bayan ƙofa a hannunsa. Yana tafe abin da ke ciki yana kacau-kacau irin na mari, ba wanda bai ji ba, ba kuma wanda bai san ko mene ne ba. Ya buɗe bayan motar da kansa, ya ajiye shi a hankali, ya rufe. Ya zagayo wajen tagar Baffa ya russuna.

"Baffa, kun manta kayanku. Allah ya kiyaye hanya, a gaida Inna."

Baffa ya kau da kai, ya ce wa direba, "Mu je."